Aikido da takobin Japan: Abin da kalmominsu za su amfana wa mai gadin masana'anta a Kano

Duk wanda ya taɓa ratsa rukunin masana'antu na Sharada, ko Challawa, ko Bompai bayan sallar isha'i ya san yadda wurin yake: doguwar katanga, ƙatuwar ƙofar ƙarfe, ƙwan lantarki guda idan an yi dace da wuta, sai mutum ɗaya a kan benci riƙe da tocila da gora. Wani lokaci Buzu ne da rawaninsa da butar shayi, takobi na jingine a gefensa. Wani lokaci kuma matashi ne cikin kakin kamfanin tsaro, ba shi da komai sai kulki da usur. A bayansa akwai injuna da wayoyin tagulla da kayan miliyoyin naira. A gabansa akwai titi mai duhu, wanda leburori ke bi su koma gida da wayoyinsu a aljihu, a garin da ƙwacen waya ya kai ga mahukunta sun ayyana shi a matsayin fashi da makami a 2023.

Wannan mutumin yana tsaka mai wuya. Dokar kamfanonin tsaro masu zaman kansu ta 1986 ta haramta masa riƙe bindiga. Dokar laifuka da Arewa ke aiki da ita tun 1960 ta ba shi 'yancin kare kansa da dukiyar da aka ba shi amana, amma ta gindaya masa sharaɗi: kada ya yi wa mutum illar da ta wuce abin da kariyar ke buƙata. Idan ɓarawo ya tsere da kaya, shi za a tuhuma, ƙila ma a ce da haɗin bakinsa. Idan kuma ya kama shi, aka taru aka yi masa dukan kawo wuƙa har rai ya yi halinsa, mai gadin ne zai fara kwana a hannun 'yan sanda, mai masana'anta kuma ya shiga zirga-zirgar kotu. Tambayar da ke gabansa kowane dare ita ce yadda za a tsayar da mutum, a riƙe shi, a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa.

Japanawa sun daɗe suna fama da wannan tambaya, har suka tara mata kalmomi masu yawa. Mafi yawansu suna cikin wasan da ake kira aikido, da kuma ilimin takobin da ya haife shi.

Ba duka ne kareti ba

A bakin Bakano, duk wanda ya sa fararen kaya ya ɗaura ɗamara yana tsalle, kareti yake yi. Gidajen silima irin su Plaza da Orion, da gidajen kallon bidiyo da suka biyo bayansu, su suka cusa wannan fahimta. Alhali kung fu na Bruce Lee daga ƙasar Sin yake, taekwondo da Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla da shi a gasar Olamfik ta 2008 na Koriya ne. Na Japan su ne karate, wanda ya taso daga tsibirin Okinawa, da judo, da kendo, da iaido, da aikido. Wanda ya kafa judo a 1882 sunansa Jigoro Kano, kuma babu abin da ya haɗa shi da Dala da Goron Dutse sai dacen suna. Shi ne ya fara shigo wa wasannin yaƙi da tsarin darajojin da sauran wasannin suka ara: matakan kyu ga ɗalibi, matakan dan ga mai baƙar ɗamara. Wannan dan ɗin da d mara lanƙwasa ake faɗinsa, ma'anarsa mataki, ba shi da alaƙa da ɗan wane.

Gaɓar do da ke ƙarshen sunayen tana nufin hanya ko tafarki. Kafin ita, jutsu ake cewa, wato dabarar yaƙi tsagwaronta: kenjutsu ga takobi, jujutsu ga kokawar mayaƙa. Abin da ya kawo sauyin kuwa siyasa ce. A 1876 gwamnatin Sarki Meiji ta hana samurai, wato jinsin mayaƙan gado, yawo da takobi a bainar jama'a. Malaman yaƙi suka wayi gari sana'arsu ba ta da kasuwa. Waɗanda suka tsira su ne suka mayar da iliminsu tarbiyyar jiki da hali, abin da za a iya koyarwa a makaranta da barikin 'yan sanda.

Morihei Ueshiba, wanda aka haifa a 1883 a garin Tanabe, ya rasu a 1969, ɗan wannan zamanin ne. A 1915 ya haɗu da Sokaku Takeda a tsibirin Hokkaido, ya koyi Daito-ryu a wurinsa, wani salon jujutsu mai tsanani da ya shahara da murɗe gaɓoɓi. Daga baya ya shiga wata ƙungiyar addini mai suna Omoto, tunaninsa ya karkata zuwa ga cewa ƙwarewa ta gaskiya ita ce a rinjayi mai kawo hari ba tare da an nakasa shi ba. Ya buɗe makarantarsa a Tokyo a 1931, sunan aikido ya tabbata a 1942, ƙungiyar Aikikai da jikansa Moriteru ke jagoranta a yau ta samu rajista a 1948. Sunan gaɓa uku ne: ai haɗuwa ko daidaituwa, ki ƙarfin zuciya da numfashi, sai do.

Akwai wani ɗalibinsa da labarinsa ya fi kusa da ƙofar masana'anta. Gozo Shioda gajere ne, marar jiki, amma a farkon shekarun 1950 kamfanin ƙarafa na Nihon Kokan ya ɗauke shi aikin tsaro, ya kuma riƙa koyar da aikido a rassansa da ofisoshin 'yan sanda. Gaskiya ba ta ɓuya: lokacin rikici ne tsakanin kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago, don haka 'yan ƙwadago na da dalilin kallon wannan tarihi da ido ɗaya. A 1955 ya kafa makarantar Yoshinkan, wadda har yau take da wani kwas mai suna senshusei na kusan shekara guda, kwana biyar a mako, da aka tsara tun asali domin 'yan sandan kwantar da tarzoma na Tokyo.

Hannu a matsayin takobi

Wanda ya fara kallon darasin aikido yakan yi mamakin yadda ake kawo hari. Mutum zai ɗaga hannu sama da kansa, ya sauke gefen tafin a tsakiyar kan abokinsa. Babu ɗan daba a duniya da ke faɗa haka. Dalilin shi ne hannun yana wakiltar takobi ne, shi ya sa ake kiransa tegatana, wato takobin hannu. Saran da ke saukowa tsakiyar ka sunansa shomen-uchi, wanda ke zuwa a karkace ta gefen ka ko wuya yokomen-uchi, suka kuma tsuki. Haka ma riƙon wuyan hannu da ake yawan farawa da shi, katate-dori idan hannu ɗaya ne, ryote-dori idan biyu ne: a zamanin samurai, hanya mafi sauƙi ta hana mutum zare takobi ita ce a damƙe masa hannu.

Takobin da ake magana a kansa, katana, ya bambanta da wanda aka sani a hawan sallah ko wanda ake sayarwa a Kasuwar Kurmi. Na Buzaye da na mahayan Hausa miƙaƙƙe ne, mai kaifi biyu, da hannu ɗaya ake riƙe shi, ana rataya shi. Katana mai ɗan lanƙwasa ne, kaifinsa ɗaya, tsawon ƙarfensa ya haura santimita 60, hannu biyu ake sa masa, ana soke shi a ɗamara kaifin na kallon sama. Kubensa saya, faifan ƙarfen da ke kare hannu tsuba. Tunda hannu biyu ke riƙe da shi a tsakiyar jiki, ƙarfin saran daga ƙugu da ƙafa yake fitowa, kuma wannan ita ce ƙa'idar da aikido ya gada: ba a ja da damtse, da dukkan jiki ake juya mutum.

Ɗalibai ba sa farawa da ƙarfe. Suna amfani da bokken, takobin katako, da jo, sanda mai tsawon kimanin santimita 128, wadda Bafulatanin daji zai gane ta da kallo ɗaya. Wanda ya tsara darussan waɗannan makamai biyu yadda ake koyar da su a yau shi ne Morihiro Saito, ma'aikacin jirgin ƙasa da ke yin awa 24 a bakin aiki, ya yi 24 a gida, ya riƙa kashe ranakun hutunsa a gonar Ueshiba da ke ƙauyen Iwama sama da shekara 20. Ya bar sara bakwai na takobi da ashirin na sanda da ake maimaitawa mutum shi kaɗai, sunansu suburi. Ma'aikacin da ke aikin karɓa-karɓa a Bompai zai fahimci irin wannan rayuwa.

A kendo kuwa gasa ake yi sosai, da sulke da shinai, wato takobin da aka haɗa da tsagin gora huɗu. Wurare huɗu kawai ake ƙirgawa: men kai, kote wuyan hannu, do kwiɓi, tsuki maƙogwaro. Hukumar kendo ta Japan ta kafu a 1952, bayan ɗage takunkumin da sojojin mamaya na Amurka suka sa wa wasannin yaƙi a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu.

Tazara

Idan za a zaɓi kalma ɗaya tak a rubuta a ɗakin masu gadi, ma-ai ce. Ma'anarta tazarar da ke tsakanin mutum biyu, haɗe da lokacin da za a ɗauka kafin a rufe ta. Masu kendo sun raba ta uku. Ta tsakiya ita ce issoku-itto-no-ma-ai, inda taku ɗaya gaba zai kai takobinka ga abokin gaba, taku ɗaya baya kuma zai fitar da kai daga nasa. Wadda ta fi ta nisa to-ma ce, wadda ta fi ta kusa chika-ma. Manyan malamai sukan ɗauki mintuna suna taɓa bakin takubbansu kawai, kowa na neman ya saci rabin taku, mai kallo yana zaton babu abin da ke faruwa.

Bahaushe bai jahilci wannan ba. Wanda ya je kallon dambe a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari ya ga yadda ɗan dambe ke miƙa buɗaɗɗen hannunsa gaba, wanda ake kira garkuwa, yana ajiye naɗaɗɗen, wato mashi, a baya. Garkuwar nan awo take yi. Da ita yake sanin ko abokin karawarsa ya shigo inda mashi zai same shi. Tsayuwar ma ta yi kama da hanmi na aikido, inda ake ba da rabin jiki, ƙafa ɗaya gaba, don a rage abin da makami zai samu. Sunayen mashi da garkuwa kansu sun nuna cewa dambe ma daga filin daga ya samo harshensa, kamar yadda aikido ya samo nasa.

Abin da ya sa tazara ta fi komai shi ne saurin wuƙa. A 1983 wani ɗan sandan birnin Salt Lake na Amurka, Dennis Tueller, ya auna ya ga mutum mai wuƙa na iya cin tazarar ƙafa 21, fiye da mita shida ke nan, cikin kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi. Mai gadin da ya matsa kusa da baƙon fuska har yana haska masa tocila a ido, ko ya tsaya da bango a bayansa, ya riga ya ba da abin da ba zai iya karɓowa ba. Wanda ya yi magana daga nesa, ya bar ƙofa ko benci ko babur a tsakaninsu, ya san ta inda zai ja da baya, ya yi aiki da ma-ai ko da bai taɓa jin kalmar ba.

Daga tazara sai motsi, kuma aikido ya taƙaita shi a kalma biyu. Irimi shi ne shiga: a kauce wa layin harin da ɗan kaɗan, a kutsa gefen mai harin har a tsaya inda hannunsa ba ya kaiwa, kusa da bayan kafaɗarsa. Tenkan shi ne juyawa a kan ƙafa ɗaya kamar ƙyauren ƙofa, a bar ƙarfinsa ya wuce da shi. Kusan kowace dabara tana da fuska biyu, omote ta gaba da ura ta baya. Manufar duka ita ce kuzushi, kalmar da judo ya fi shahara da ita: raba mutum da daidaiton tsayuwarsa. 'Yan kokawar Sakkwato da Maraɗi sun san cewa ƙato ba ya faɗuwa sai an fara raba shi da ƙafarsa.

Faɗuwa tukuna

Sabon ɗalibi yakan zo da zumuɗin ya koyi kayar da mutane, sai ya tarar makonnin farko shi ne ke shan ƙasa. A kowane darasi akwai nage, mai yin dabarar, wanda wasu makarantu ke kira tori ko shite, da uke, mai kawo hari ya karɓi sakamakon. Ana musanya matsayin bayan kowane zagaye, don haka rabin rayuwar ɗalibi a faɗuwa take. Ilimin faɗuwar sunansa ukemi: mae ta gaba, ushiro ta baya, yoko ta gefe. A manne haɓa da ƙirji don ƙeya kada ta bugi ƙasa, a lanƙwasa jiki kamar taya, a mirgina daga kafaɗa zuwa ƙugun ɗaya ɓangaren, kada a tokare da miƙaƙƙen hannu, domin nan ne wuyan hannu da ƙashin kafaɗa ke karyewa.

A cikin dukkan abin da aikido ke koyarwa, wannan ne mutum zai fi buƙata a rayuwarsa. Ma'aikacin majema a Challawa da ke tafiya a kan jiƙaƙƙen siminti, da lebura mai sauke buhuna daga tirela, da ma'aikacin gwamnati da ke hawa babur kullum, duk sun fi kusa da faɗuwa fiye da faɗa.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ke tafe da ukemi: idan zafi ya kai, uke zai buga tafinsa a kan tabarma ko a jikinsa, nan take a sake shi. Ɗalibi yana koyon sakin mutum sau dubbai kafin a kira shi gwani. Taron da ke dukan ɓarawo a bakin titi ba shi da irin wannan birki.

Riƙo biyar

Sunayen riƙon aikido lissafi ne kawai. A Japananci ɗaya zuwa biyar su ne ichi, ni, san, shi ko yon, go, sai aka ɗora musu kyo, wato darasi. Furucin ma bai kamata ya wahalar da Bahaushe ba, domin wanda ya iya cewa kyakkyawa ya iya cewa ikkyo. Tsuki ne kawai za a sassauta wa ts ɗinsa, kada a matse shi kamar na tsintsiya.

Ikkyo shi ne uwa. A kama gwiwar hannu da wuyan hannu, a ɗaga su sama da kan mai harin, a sauke kamar ana sara da takobi, har ya kwanta rub da ciki, hannunsa a miƙe a ƙasa. Nikyo yana ƙara murɗa wuyan hannu ta yadda zafin zai durƙusar da mutum kafin ya yi shawara. Sankyo murɗawa ce zuwa sama kamar ana matse wanki, mutum ya tashi a kan yatsun ƙafa, kuma da shi ake iya tafiya da wanda aka kama daga wuri zuwa wuri. Yonkyo danna jijiya ne a cikin sangalin hannu, wasu yana gigita su, wasu ko a jikinsu. Gokyo ɗan'uwan ikkyo ne da aka juya wa riƙo saboda mai wuƙa. A makarantar Yoshinkan tsofaffin sunayen suke amfani da su, ikkajo, nikajo, haka har ƙarshe.

Jifa kuma suna da yawa, amma uku suka fi fitowa a bidiyon da matasa ke turawa juna: shiho-nage, jifan kusurwa huɗu, wanda motsinsa na mai takobi ne da ya juya ya sari wanda ke bayansa, kote-gaeshi, mayar da wuyan hannu waje, da irimi-nage, wanda Steven Seagal ya yi suna da shi tun fim ɗinsa na 1988. Mai gadi ba shi da hurumi a nan. Jifa a kan kwalta, ga mutumin da bai iya ukemi ba, na iya zama kisa.

Ko riƙon ma yana da nasa haɗari. Wanda aka kwantar rub da ciki aka hau bayansa ko wuyansa, numfashinsa na iya ɗaukewa yana cikin magana. Duniya ta ga haka a Minneapolis a watan Mayun 2020, lokacin da ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa sama da minti tara. A ikkyo na ƙa'ida hannu ake dannewa, ƙirji da wuya a sake suke. Da zarar mutum ya daina turjiya, a juya shi a kan gefensa ko a zaunar da shi, a kira 'yan sanda, domin doka ta yarda farar hula ya kama mai laifi ne bisa sharaɗin ya miƙa shi ba tare da ɓata lokaci ba.

Inda aikido ke da rauni

Mafi yawan makarantun aikido ba sa yin gasa. Ueshiba ya ƙi ta. Sakamakon haka uke yakan ba da haɗin kai, ya kawo harin da aka sani, ya faɗi inda aka tsara. Mutum na iya shekara goma yana atisaye bai taɓa haɗuwa da wanda ya ƙi faɗuwa ba, alhali yaron da ya yi wata shida a gidan dambe ya san ɗanɗanon naushi na gaske. Kenji Tomiki, wanda ya yi karatu a wurin Kano da Ueshiba duka, ya ga wannan giɓi, ya kafa ƙungiyar aikido a Jami'ar Waseda a 1958, ya shigo da gasa, daga baya har da wadda ɗaya ke riƙe da wuƙar roba. Abin da 'yan kallo ke gani a irin wannan gasa darasi ne: gwanaye ma wuƙar na taɓa su akai-akai.

Saboda haka tanto-dori, wato ƙwace wuƙa daga hannun mai ita, shi ne ɓangaren da ya fi daɗin kallo kuma ya fi yaudara. Mai ƙwacen waya ba ya sanar da zuwansa, ba ya miƙa hannu ya tsaya, kuma da wuya ya zo shi kaɗai. Duk malamin da ya yi wa ɗalibi alkawarin zai iya karɓe wuƙa bayan darasin mako biyu, yana tura shi Asibitin Murtala ne. Leburan da aka tare a hanyar Panshekara ya miƙa wayar. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Iyaye a Kano za su yi wata tambayar kuma, game da rei, wato gaisuwar sunkuyawa. A dojo, ɗakin atisaye, ana sunkuya wa sensei, malami ke nan, da abokin atisaye, wani lokaci a zaune har goshi ya kusa taɓa ƙasa, ana fuskantar bangon da hoton Ueshiba yake. Ga Bajapane ladabi ne, amma siffarsa ta yi kusa da ruku'u da sujada, kuma Musulmi da yawa ba sa yi. Sukan tsaya a kan ɗan rusunar da kai ko ɗora hannu a ƙirji. Magana ce da ya kamata a warware da malamin tun ranar farko, kuma babu wata dabara ko ɗaya da ta dogara a kanta.

Mayar da wuƙa kube

Iaido shi ne ilimin zare takobi, kuma mutum shi kaɗai yake yinsa da abokin gaba na zuci. Hukumar kendo ta tsara masa darussa bakwai a 1969, yanzu sun kai 12. Kowane darasi yana da gaɓa huɗu: nukitsuke zarewa tare da saran farko, kirioroshi saran gamawa, chiburi kakkaɓe jini, sai noto, mayar da takobi cikin saya. Gaɓar ƙarshen nan ba a yinta da gaggawa, kuma ido ba ya sauka kan kuben, yana kan inda haɗarin yake. Masu iaido suna da kalmar saya-no-uchi, nasarar da aka samu takobi na cikin kube. Idan Bahaushe ya ce wa mai fushi ya mayar da wuƙarsa kube, rarrashi yake yi. Su kuwa sun mai da shi darasin da ake ci ko a faɗi jarrabawa a kansa.

Sunan wannan hankalin da ba ya sauka shi ne zanshin, zuciyar da ta rage. A gasar kendo, ko sara ya shiga daidai, alƙalai ba za su ɗaga tuta ba sai mai saran ya wuce, ya juyo, ya koma cikin shiri. Idan ya yi murna ko ya ɗaga hannu, ana iya soke makin. A gidan dambe akasin haka ne, wanda ya yi kisa shi ke da fili, makaɗa su ɗauka, a yi ta liƙi, kuma wannan ne armashin wasan. A bakin ƙofar masana'anta kuwa, lokacin da aka danne ɓarawo ɗaya kowa ya zubo masa ido, lokacin ne na biyun ke fitowa daga bayan tarin kaya.

Japanawan kansu, da duk wannan ilimi, ba su bar ma'aikaci ya tari wuƙa da hannu ba. 'Yan sandansu na da tsarin kamu mai suna taiho-jutsu da aka tsara a 1947, dokarsu ta hana yawo da wuƙar da kaifinta ya wuce santimita shida ba tare da dalili ba, sannan suna da wani kayan aiki da suka gada tun zamanin Edo: sasumata. Gwafa ce, doguwar sanda ta kimanin mita biyu mai baki kamar ƙahon sa, wadda ake tokare ƙugu ko ƙirjin mai makami da ita, a manna shi da bango daga inda wuƙarsa ba ta kaiwa. Bayan harin da aka kai makarantar firamare ta Ikeda a yankin Osaka a watan Yunin 2001, inda aka kashe yara takwas, makarantu da yawa suka saye ta, malamai na atisaye da ita. Ba ta aikin mutum ɗaya ba ce, domin ƙaƙƙarfa na iya kama bakinta ya ture mai ita. Biyu ko uku ake so, ɗaya sama, ɗaya a ƙafa, na uku yana kiran agaji. Ta zamani da gorar ruwa ake yinta, babu kaifi babu tsini, kuma babu mai walda a Sharada da zai kasa ƙera irinta da rana ɗaya.

A watan Nuwamban 2023, wasu mutum uku sanye da hular kwano suka iso wani shagon gwala-gwalai a unguwar Ueno ta Tokyo a kan babura biyu, suka fara fasa gilashi. Ma'aikacin shagon ya fito da sasumata, ya kora su waje, ya bi baburan da duka har suka faɗi. Ɓarayin suka tsere da ƙafa, suka bar baburan a bakin shagon.